Bawul Ɗin Goni Mai Inji

In ka sauka a tashar Ajingi ka tambayi gidan Goni, za a ce maka wane Gonin, don sun kai uku ko huɗu a garin. Amma ka ce Goni mai bawul, ko mai rake sai ya ajiye wuƙarsa ya nuna maka lungun, yana dariya tun bai gama kwatancen ba.

Abin ya faru ne wata Laraba da hantsi, tsakiyar daminar bara. Goni ya zo tasha cikin wankakkiyar riga don karɓar saƙo daga Legas. Saƙon kuwa bawul ne na injin niƙansa, wani ɗan ƙarfe mai siffar ƙusa, mai faɗin kai, wanda tsayinsa bai kai taƙi ba. Shi ke buɗewa hayaƙi ya fita, ya rufe inji ya samu ƙarfi. Saboda ƙanƙantarsa Goni bai zo da buhu ba, bai zo da leda ba. Aljihun gaba kawai ya share, ya mayar da goro da carbi aljihun gefe, ya tsaya yana jira.

Motar Kano ta iso. Direbanta Maiwada Bafulatani ne, Goni kuwa jikan Barebari, waɗanda kakanninsu suka taso daga gabas suka zauna nan tun ana fatauci da jakuna. Don haka tsakaninsu babu gaisuwa sai tsiya. Maiwada ya buɗe bayan mota, ya tattare hannun riga, ya yi nishi, ya ciccibo wani dogon kwali ya dire a gaban Goni.

“Bawana, zo ka ɗauke kayanka. Tun daga Wudil motata ke tafiya a karkace.”

Goni ya dubi kwalin, ya dubi aljihunsa. Aka yanke igiya, aka buɗe. Bawul ne, babu ko shakka, siffarsa daidai, ƙarfensa lafiyayye. Sai dai tsayinsa ya kai kamu da ɗoriya, kansa kuwa kamar murfin tukunyar miya. Da za ka kafa shi a ƙasa ka ɗaure bunsuru, ba zai jijjiga shi ba.

Tasha ta fashe da dariya. Wani ya ce ashe jirgin ruwa Goni zai tayar a Ajingi. Mai rake ya ce a ba shi aro ya riƙa dakan sakwara. Goni ya sa hannu a aljihu ya fito da tsohon bawul ɗinsa da ya ƙone, ya ajiye shi kusa da baƙon, suka zama kamar jinjiri da kakansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, a hankali, kamar mai ba alƙali shaida:

“A waya daidai suke.”

Kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai kafin a gane yadda aka yi suka zo daidai a waya, sai an san Goni da injinsa.

Goni bai gaji inji ba, ubansa manomin gyaɗa ne. A Gaya ya koyi sana'ar yana saurayi, ya dawo gida da wani injin dizal mai silinda ɗaya wanda tun a lokacin ma tsoho ne. Ya kafa shi a rumfar ƙofar gida, ya yi shekara talatin da 'yan kai yana niƙa wa unguwa dawa da gero da masara, yana markaɗa wa masu ƙuli gyaɗa. Aikin a rabe yake. Goni a bakin inji, matarsa Fanta a bakin ƙofa kan wata 'yar kujera. Ita ke karɓar kwanuka, ta san na wace ce wannan ko da murfi ya musanya, ta san mai son gari da laushi da mai son ɓarza, ta san wadda mijinta ba shi da lafiya da wadda ɗanta ya samu makaranta. Goni kuwa, saboda ƙarar inji, da hannu yake magana. Yatsa ɗaya sama, a ƙara ruwa. Tafi a buɗe, a dakata. Mutanen unguwa sun ɗauke shi miskili, alhali ba wanda ya taɓa samun damar jin muryarsa ne kawai. In an kashe inji da magariba, sai Fanta ta zuba masa tuwo, ta zauna ta zazzage masa duk hirar da aka yi a yinin, har da kwaikwayon murya. Ta haka yake sanin garin da yake zaune a ciki.

Shekara biyu ke nan da Fanta ta kwanta kwana shida, ta rasu. Inji bai tsaya ba. Mata suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu su ajiye kwano su tafi, su dawo su ɗauka, don ba wanda za a tsaya a yi wa magana. Duk da haka Goni bai ji abin sosai da rana ba, saboda ƙara ta cika rumfar har ba wurin da kewa za ta zauna. Sai farkon daminar bara, ana tsakiyar niƙan masara, injin ya yi tari sau uku, ya fitar da farin hayaƙi, ya mutu. Da ya kwance kan injin sai ya tarar bawul ɗin hayaƙi ya ƙone, gefensa ya tsage.

A ranar Goni ya fara jin abubuwan da bai san akwai su a gidansa ba. Ashe akwai kurciya a kan darbejiyar tsakar gida. Ashe ƙofar ɗakin Fanta tana kuka in iska ta taɓa ta. Ashe in mutum yana cin tuwo shi kaɗai yana jin ƙarar haɗiyarsa.

Ɗansa ɗaya ne, Zulkiflu, tela ne a Kano, yaro mai hankali da son mahaifinsa. Ya ɗauki hoton bawul ɗin ya zaga masu kayan inji na birni, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Wani dattijo ma ya ce masa irin wannan inji ya bar kasuwa tun kafin a yi masa kaciya. Zulkiflu ya zo gida ya durƙusa ya ce:

“Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Injin nan ya yi iya yinsa, kai ma ka yi. A ba 'yan gwangwan su auna shi, ka taho Kano. Na gyara maka ɗaki, har fanka na sa.”

Goni ya san ɗakin. Ya taɓa kwana uku a cikinsa. Da safe kowa ya fita, aka bar shi da fanka tana juyawa da bango mai shuɗin fenti, ga ƙofar gida ta ƙarfe a kulle. Ya so ya faɗa wa ɗansa haka, amma mutumin da ya shekara talatin yana magana da yatsa ba ya iya doguwar gardama. Abin da ya iya cewa shi ne a ba shi zuwa a gama cire gyaɗa. In masu ƙuli suka fara kawo sabuwar gyaɗa inji bai tashi ba, zai bi shi. Zulkiflu ya yarda, ya kuma bar masa babbar waya, ya sa shi a wani zaure na cikin wayar, na masu tsofaffin kayan inji, inda ake baje hotuna kamar yadda ake baje tumatir a kasuwa.

To, Goni yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba: ba ya sayen ƙarfe sai ya ɗora tsoho a kan sabo ya ga sun hau. Ranar da ya ga hoton wani bawul mai kyau a zauren, bai yi gaggawa ba. Ya goge fuskar wayar da gefen riga, ya kwantar da ita a kan tabarma, ya ɗauko tsohon bawul ya ɗora a kan hoton. Kai ya hau kan kai, ƙafa ta hau kan ƙafa, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Ya juya shi ya sake ɗorawa. Sannan ya kira Zulkiflu ya ce a saya, ya auna. Zulkiflu kuwa tun da aka haife shi bai taɓa jin awon babansa ya kuskure ba, don haka bai ko tambaya ba.

Da yammacin Larabar nan, bayan an taya shi kai ƙaton ƙarfen gida a kan amalanke, Goni ya zauna a rumfa ya kira lambar mai kayan. Wata murya ta ɗauka cikin hayaniyar guduma.

“Baba, ai wannan na injin jirgin ruwa ne. Na rubuta a ƙasan hoton.”

“Da boko?”

“Da Turanci ma.”

“To ai ka ji.”

Mai kayan ya yi dariya, ba ta raini ba. Ya ce sunansa Mudassir, ya tambayi daga ina Baba yake kira. Goni ya ce daga Ajingi.

“Ni ɗan Kademi ne, Baba, nan kusa da ku,” in ji Mudassir. “Shekarata sha ɗaya a nan. An samu ruwa kuwa bana?”

Goni ya ce an samu, gero ya fara fitar da kai. Mudassir ya ce mayar da ƙaton bawul Legas wahala ce kawai, ya bar shi a nan, shi zai tona tarin ƙarafansa ya nemo na daidai a madadinsa. Amma sai an ba shi awo. Kaurinsa milimita nawa, tsayinsa nawa?

“Ni da tsinke nake awo,” in ji Goni.

Haka kuwa ya yi. Ya zari tsinke uku daga tsintsiya, ya yanke ɗaya daidai tsayin bawul, ɗaya daidai faɗin kai, ɗaya daidai nisan tsagin da makulli ke kamawa. Ya naɗa zare a ƙafar ya ƙulle don kauri. Ya sa su a ambulan ya ba Maiwada, Maiwada ya ba wani direban motar shanu a Wudil. Kwana tara ambulan na hanya, Goni na zaune a rumfa yana kallon kaji suna shiga ƙarƙashin inji suna fita. Ran na goma Mudassir ya kira ta hoto mai motsi, ya ɗaga tsinke biyu. Na ukun babu shi. Dogon kuwa ya gajarce, bakinsa a tattaune.

“Baba,” ya ce yana danne dariya, “wani bawan Allah ya ci tsire a hanya, ya yi sakace da tsayin bawul ɗinka.”

Washegari Goni ya hau mota zuwa Gaya, wurin Yusuf mai walda, wanda ke da wani ma'auni na ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da 'yar taga mai nuna lamba. Goni, da furfurarsa, ya tsuguna kamar ɗan aji ɗaya aka nuna masa yadda ake buɗe bakin, a kama ƙarfe, a karanta. Rubutun boko ne bai iya ba, lamba kuwa ya sani. Yusuf ya kama ƙafar bawul a tsakiya zai karanta, Goni ya ɗaga masa tafi.

“Ba nan ba. Nan ya shekara talatin yana goga, ya rame. Kama can sama, inda bai taɓa aiki ba. Nan ne gaskiyarsa take.”

Yusuf ya dube shi, ya matsar da ma'aunin, ya kuma ba shi aronsa har ya gama. Goni ya dawo gida ya rubuta lambobi huɗu da gawayi a jikin ƙyauren rumfa: kauri tara da rabi, faɗin kai talatin da takwas, tsayi ɗari da ashirin da bakwai, tsagi shida daga ƙarshe.

Daga nan aka shiga abin da Goni bai san zai zama mafi daɗin kwanakinsa tun rasuwar Fanta ba. Kullum bayan la'asar waya za ta yi ƙara. Mudassir zai jingina tasa wayar da wani tsohon fistin, ya zube bawul biyar ko shida a kan katako, ya ɗauki nasa ma'aunin. Goni kuwa ya zauna kan buhu, ya kafa tabarau, ya zama alƙali.

“Wannan kauri tara da rabi, Baba.”

“Nuna min bakin kansa. A'a, juya shi gefe. Ka gani? Ya yi kaifi kamar aska, an wasa shi har ya ƙare. Wata guda zai ƙone. Ajiye.”

“Wannan fa? Komai ya hau.”

“Tsagi nawa gare shi?”

“Biyu.”

“Nawa ɗaya ne. Ajiye.”

Wani kuma sai ya ce a samo gilashi a mirgina shi a kai. Mudassir ya ɗauko gilashin tagar wata matacciyar mota, ya mirgina, kan bawul ya riƙa rawa kamar ƙafar keken da ya faɗa rami. “A lanƙwashe yake,” in ji Goni, cikin jin daɗin da bai ɓoye ba. Mudassir ya ce shekara sha ɗaya yana sayar da ƙarfe, bai taɓa haɗuwa da mai saye irin wannan ba, wanda ya sayi na jirgin ruwa ido rufe, yanzu kuma yake ƙin na daidai saboda rabin milimita.

In an gama awo ba a kashe waya. Mudassir zai ce, “Baba, juya min ita in ga gari.” Sai Goni ya tashi ya fita bayan gida, ya ɗaga wayar sama ya nuna masa gonar gero, da hadarin da ke haɗuwa ta gabas, da wata akuya da ba ta san ana kallonta daga Legas ba. Mudassir ya faɗa masa cewa a cikin shagon yake kwana, tsakanin ƙarafa, iyalinsa na Kademi, sau ɗaya yake ganinsu a shekara, ƙaramar 'yarsa ma ɓuya take in ya zo. Goni kuma, wata rana, ba tare da ya shirya ba, ya ba shi labarin yadda Fanta ke kwaikwayon muryar mai unguwa. Har ya gwada yi. Bai yi kama ba ko kaɗan, amma suka yi dariya su biyu, kurciya ta tashi daga darbejiya. Ashe yana da murya, ajiye take kawai.

Ran wata Lahadi Mudassir ya ɗago wani bawul mai duhun ƙarfe. Kauri tara da rabi. Kai talatin da takwas, bakinsa da sauran nama. Tsayi ya hau, tsagi ɗaya, a inda ya dace. Ya mirgina shi a gilashi ya tafi sumul kamar ruwa. Goni ya dubi lambobin ƙyaure, ya dubi waya. Maimakon ya ce alhamdu lillahi, sai ya ji kansa yana cewa:

“Hasken ya yi ƙasa. A sake aunawa gobe.”

Gobe aka sake, ya ce ko Mudassir ya goge bakin ma'auninsa kuwa, ƙura kan ƙara lamba. Jibi ya ce a nuna masa ƙarshen ƙafar, ko ya daku. Gata ya rasa abin cewa, ya ce a mirgina a wani gilashin daban. Ya san abin da yake yi, kuma yana jin kunyarsa. In bawul ya hau mota, me za a kira shi a ce masa bayan la'asar?

A waje kuwa lokaci bai tsaya jiransa ba. An fara cire gyaɗa, amalanke na wucewa da ita. Amarya mai ƙuli, wadda ta haura sittin amma sunan amarcinta ya ƙi sakinta, ta wuce da kwano a ka za ta injin can ƙarshen gari, ta tsaya ta leƙo rumfa.

“Malam Goni, gwiwata fa ba ta son injin can. Yaushe naka zai farfaɗo?”

Ya ɗaga mata tafi, alamar a dakata, ya manta babu ƙarar da ke hana shi magana. Da yamma kuma Zulkiflu ya kira, cikin ladabi, ya ce zai shigo Asabar ta sama, ya yi magana da masu gwangwan.

Ran Alhamis, da waya ta yi ƙara, Mudassir bai zube komai a kan katako ba. Wani ɗan ƙunshi ya ɗaga, an naɗe shi da tsumma mai baƙin mai.

“Baba, bawul ɗin nan daidai yake tun ran Lahadi, ni na sani, kai ka sani. Yau zai hau mota. In ka bari aka kai ka Kano, wa zai riƙa nuna min gero?” Ya ajiye ƙunshin. “Kuma lambata ba a cikin ƙunshin zan sa ta ba. Tana nan.”

Goni ya cire tabarau ya goge, ya ce to, Allah ya kawo shi lafiya.

Ran Alhamis ta sama ya je tasha, da buhu a kafaɗa saboda ya daina yarda da aljihu. Maiwada ya sauko, ya dubi buhun, ya sa yatsa biyu a aljihun rigarsa ya zaro ɗan ƙunshin kamar mai ba da goro.

“Buɗe buhun da kyau, bawana, kada ya ƙi shiga.”

A gida Goni bai yarda da kowa ba, har Mudassir. Ya kama kauri, ya kama kai, ya kama tsayi, yana duban ƙyaure. Saura gilashi. Babu wani gilashi a gidan sai ɗaya. Ya tura ƙofar nan mai kuka, ya shiga ɗakin da ya daɗe bai shiga ba, ya sauko da madubin Fanta daga ƙusa. Ya goge shi, ya kwantar a tabarma, ya mirgina bawul a kai. Ya tafi sumul, ya tsaya a bakin katakon madubin. Goni ya ga fuskarsa a ƙarƙashin ƙarfen, ya daɗe bai ɗauke ba.

Juma'a bayan masallaci ya zauna wasa bawul da mazauninsa. Ya shafa man wasawa, ya kama ƙafar tsakanin tafukansa yana murzawa kamar mai burga miya, ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa, har bakin ya yi zobe fari mai santsi. Ya zuba kananzir a kai ya jira, ko ɗigo bai wuce ba. Ya mayar da sifirin da makulli, ya ɗaure kan inji kafin magariba.

Asabar da hantsi Zulkiflu ya iso da babbar jaka, babu komai a ciki, ta kwashe kayan Baba ce. Ya tarar da mahaifinsa ya tuɓe riga yana riƙe da hannun tayarwa. Goni ya juya, ya juya, ya saki. Inji ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, haka. Zulkiflu ya ce, “Baba, kawo in gwada.” Goni ya ɗaga masa tafi. Ya yi bisimilla, ya tattara abin da shekara sittin da uku suka rage masa, ya juya. Inji ya buga sau ɗaya, ya yi kamar yana tunani, ya buga na biyu, sannan ya kama, baƙin hayaƙi ya cika rumfa, kwanon rufi ya ɗauki rawa, kaji suka watse.

Goni ya zaro waya ya kira Legas ta hoto mai motsi, ya kai ta kusa da injin. Ba wanda ya ji abin da Mudassir ke cewa, shi ma bai ji nasu ba, sai haƙoransa kawai ake gani. Zulkiflu ya tsaya ya kalli mahaifinsa na ɗan lokaci, sannan ya ninke jakar gida huɗu ya sa a hammata.

Ba za a ce komai ya koma yadda yake ba. Wata huɗu inji na kwance, mata da yawa sun saba da na ƙarshen gari. Amarya ta dawo, ita da gwiwarta, da wasu biyar ko shida. Zuwa azahar an gama niƙa, Goni ya kashe inji, kurciya ta karɓa. Mudassir ya cika alkawari, yana kira, da fari kullum, daga baya ranar Juma'a, yanzu kuma in kasuwa ta bar shi. Ya ce in ya zo gida da salla zai ƙaraso Ajingi ya ga injin da idonsa. Salla ɗaya ta wuce bai samu zuwa ba. Goni bai yi fushi ba, ya san nisan Legas yanzu, ya auna shi da tsinke.

Ƙaton bawul kuwa yana nan. Ya kifa shi a kan faffaɗan kansa a bakin ƙofar rumfa, daidai inda 'yar kujerar Fanta take a da. Mata na rataya gammo a ƙafarsa. Goni na goge shi da baƙin mai duk Juma'a kada ya yi tsatsa, in an kashe inji kuma a gefensa yake shimfiɗa tabarma ya ci abinci. Masu gwangwan sun zo sau biyu suna lallashi, ya ɗaga musu tafi.

Kwanan baya Maiwada ya kawo niƙan gidansa da kansa, don dai ya samu abin faɗa. Ya tarar da Goni zaune kusa da ƙarfen yana cin ɗanwake. Ya dafa ƙugu.

“Kai dai Barebari ba ku da dabara. Ka sayi abin kunya, maimakon ka ɓoye shi sai ka kafa shi a ƙofar gida kana shafa masa mai kamar angon bana. Bawana, ka ba masu gwangwan mana, ko jiran jirgin kake ya biyo sawu?”

Goni ya gama tauna lomarsa, ya dubi ƙarfen, ya kai hannu ya share masa ɗan garin da ya sauka a kai.

“Bar shi, Maiwada. Shekara sittin da uku ina garin nan, ba wanda ya taɓa tasowa tun daga bakin teku takanas don ni sai shi. Ba ya cin tuwona, ba ya tsiya irin ta Fulani. Kuma ka ga, tun da ya zo bai taɓa ce min zai koma ba.”